Dub tekno mai murya: waƙa ce, ko kiɗa ne da aka ɗora wa magana?

Ɗan Barnawa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo. A duk kaɗe-kaɗen na'ura da ake yi a Turai, ban ga wanda ya fi kusa da kunnen Bahaushe ba kamar dub tekno, musamman wanda aka ɗora wa muryar mawaƙi. Kuma ina ganin masu sitidiyonmu na Kaduna za su fi ƙaruwa da shi a kan kwaikwayon amapiano da kowa ya ruɗe a kai. Wanda bai taɓa ji ba ya nemi Rhythm & Sound, albam ɗinsu na 2003, w/ The Artists. A sa iyafis don Allah, ban da sifikar waya. In an ji sai a zo mu yi.

Dije na Kawo: Wa alaikumus salam. Na nema na kunna. Minti biyu ina jiran a fara waƙar, ashe tuni an fara.

Ummi 'yar Poly: Wallahi ni ma haka, Yaya. Na ɗauka data ce ta tsaya.

Ɗan Barnawa: Ku yi dariyarku. Ku sake ji da dare.

Ras na Kakuri: Kafin a yi nisa bari in gyara wa ƙanena zance ɗaya. Ba Turawa suka ƙirƙiro dub ba. Abin Jamaika ne. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, idan aka buga ƙaramin faifan rege, fuska ɗaya waƙa ce, ɗaya fuskar kuma kiɗan ne zalla, don masu manyan sifikun titi su samu abin da za su yi surutu a kai. King Tubby, wanda asalinsa mai gyaran rediyo da talabijin ne a unguwar Waterhouse ta Kingston, yana cikin waɗanda suka mayar da wannan fuska ta biyu sana'a. Zai zauna gaban miksa ya janye murya, ya bar ganga da bas kawai, can sai ya sako kalma ɗaya ta mawaƙin ya cilla ta cikin eko ta yi ta yawo. Shi da Lee Perry su ne iyayen abin. An harbe Tubby a 1989.

Shi kuma tekno daga Detroit ta Amurka ya fito, baƙaƙen fata ne ma suka fara shi, su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Abin da Jamusawa suka yi shi ne aurar da biyun. Mark Ernestus ya buɗe shagon faifai mai suna Hard Wax a Balin a 1989, shekarar da katangar birnin ta faɗi. Shi da Moritz von Oswald suka fara fitar da faifai da sunan Basic Channel a 1993, babu murya, babu hotonsu a jiki. Daga baya ne suka koma Rhythm & Sound, suka rage gudun kiɗan, suka nemo mawaƙa.

Dije na Kawo: To Ras, mun gode da lacca. Amma tambayata ita ce, wa zai yi rawa da wannan? Ni aikina filin biki ne. Na san abin da ke tayar da ƙawayen amarya daga kujera, na san abin da ke mayar da su. Akwai wani kamu da na yi a Unguwar Rimi, na gwada sa wani kiɗa mai sanyi irin wannan don a huta tsakanin liƙi da liƙi. Kafin minti ɗaya uwar biki ta aiko yarinya, wai a tambaye ni ko inji ne ya lalace. Mai hoto ma ajiye kyamararsa ya yi ya tafi neman lemo.

Ɗan Barnawa: Ai ban ce na biki ba ne, Oga. Duk waƙar da ba a liƙi da ita ba waƙa ba ce kenan?

Dije na Kawo: A wurina dai ba abinci ba ce.

Baba Injiniya: Salamu alaikum yara. Na ga ana maganar eko, shi ya sa na leƙo. Na yi shekaru a ɗakin naɗar sauti na gidan rediyo tun zamanin tef mai faifai biyu, don haka bari in gaya muku abin da kunnenku ke ji ba ku sani ba. Akwai wata na'ura ta kamfanin Roland, Space Echo, ta fito a 1974. Tef ne yake zagayawa a cikinta. Kai ɗaya yana ɗaukar sauti, kawuna uku suna maimaita shi, sannan abin da aka maimaita ya sake komawa a ɗauke shi. To kowane zagaye sai sautin ya ɗan dushe, kaifinsa ya ragu, tef ɗin ya ɗan yi rawa, ga kuma 'yar shuuu ɗin nan a ƙasa. Mu a lokacinmu wannan shuuu ɗin abokin gaba ne, a kansa ake yi mana faɗa. Na saurari abin da yaron nan ya turo, sai na ji mutanen nan da gangan suka bar ta, har ma ita ce shimfiɗar da komai ke zaune a kai. Na yi dariya ni kaɗai.

Eko na kwamfuta da kuke sawa yanzu maimaitawa yake yi tsaf, na goma daidai da na farko, shi ya sa yake soke kunne. Na tef kuwa nisa yake yi.

Mai Sitidiyo T/Wada: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wannan gaskiya ne, kuma ana iya kwaikwayonsa a kwamfuta, sai dai ka sa tacewa a hanyar da ekon ke komawa, ka yanke sama ka yanke ƙasa. Matsalar ba rashin sani ba ce. Ɗan Barnawa yana magana kamar mu ne ba mu iya barin fili a kiɗa ba. Mun iya. Wanda ya biya ne ba ya so. Mutum ya zo da kuɗinsa a yi masa waƙar siyasa ko ta amarya, ka yi masa ganga da bas da ɗan fiyano ɗaya, sai ya dube ka ya ce, "Shi kenan? Ina sarewa? Ina algaita?" A ganinsa yawan kaya shi ne yawan aiki. Sai ka yi ta lodi kamar a-kori-kura ranar kasuwa, har muryar mawaƙin ta rasa wurin zama, sannan ka ga yana murmushi.

Na biyu, kiɗan nan rabinsa a bas yake, can ƙasa da 100 Hz. Sifikar waya ba ta fitar da wannan. Mutanenmu kuwa da waya suke ji, ko 'yar ƙaramar MP a shago, ko cikin Keke. In ka cire bas daga dub tekno me ya rage? Shi ya sa Ummi ta ce data ce ta tsaya.

Maman Ilham: Ni malamar Hausa ce, ba ruwana da Hz ɗinku. Inda zan tsaya shi ne inda ƙanena ya ce abin ya yi kusa da kunnen Bahaushe. Na san inda ya dosa, zai ce Shata.

Ɗan Barnawa: Shi zan ce kuwa, Anti. Ki ɗauki Shata, Allah ya jiƙansa. Kalangu yana bin zagaye ɗaya tun daga farko har ƙarshe, 'yan amshi suna dawo da layi ɗaya, shi kuma yana shiga yana fita lokacin da ya ga dama. Babu inda kiɗan ya canza ya hau wani tudu. Ɗanmaraya Jos ma ya fi, kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai, kuma ya riƙe mutane. To abin da na ji a Rhythm & Sound kenan. Bugu ɗaya, bas ɗaya, sautin fiyano ɗaya da ake bugawa a sake shi, eko ya yi aikin 'yan amshi. Kunnen da ya girma da maimaici bai kamata ya ce wannan baƙo ne ba.

Maman Ilham: Ka yi rabin gaskiya. Maimaicin ɗaya ne, amma wa ke yi wa wani hidima? A wurin Shata kiɗa bara ne, magana ce uwar gida. Kalangun ya tsaya wuri ɗaya ne don hankalinka ya tafi kan abin da bakinsa ke faɗa, kirari ne, zambo ne, habaici ne, sunan gari ne da na mutanen da ya sani a can. Kai, kalangun kansa magana yake yi, wanda ya iya ji ya san me ya ce. Mutum zai ji waƙar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya kwana yana warware baiti ɗaya. A wannan naku kuwa, ni abin da na ji, murya ce ta zama bara. An yanka ta, an jiƙa ta, an mayar da ita ado. Sannan kada ku manta harshenmu na karin sauti ne, ga dogon wasali da gajere. Ka sa eko ya ɗora gaɓar da ta wuce a kan wadda ke zuwa, mai hawa ta hau kan mai sauka, sai maganar ta dagule. Ko otocun ɗin da ake yi wa waƙoƙin fim yanzu, sau nawa nake tambayar 'yata me aka ce?

Ras na Kakuri: Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Ina jin fuskar dub kika saurara. Su mutanen nan sun raba abin gida biyu, kamar yadda ake yi a Jamaika. A 2003 albam biyu suka fitar, w/ The Artists mai waƙoƙi cikakku, da The Versions wanda aka janye yawancin muryar. A na farkon akwai Cornel Campbell, dattijon da ya fara waƙa tun yana yaro a Kingston, kuma babu kalmarsa da ba a ji. Baiti ne da amshi, da ma'ana, galibi wa'azi ne irin na 'yan Rasta da koke kan zalunci. Ban taɓa jin muryarsa fes kamar a nan ba, saboda babu jita, babu kakaki, babu abin da ke gasa da ita.

Inda maganarki ta zauna daram shi ne irin su Luomo, wani ɗan Finland, albam ɗinsa Vocalcity na 2000. Shi kam guntun layi yake ɗauka ya yi ta juya shi, yawancin waƙoƙin sun haura minti 10. Yana da daɗi a wurina, amma ba zan kira shi waƙa a gabanki ba.

Maman Ilham: To zan nemi na farkon. Amma Turancin Jamaika ne, ko an ji kalmar ni ba ganewa zan yi ba.

Abu Sumayya: Jama'a a ji tsoron Allah. Duk wannan dogon bayani a kan kiɗan gidan rawa?

Admin: Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan zauren na sauti da naɗar murya ne, akwai masu naɗar karatu da wa'azi ma a ciki. Batun hukunci muna barin wa malamai, an sha faɗa. A ci gaba.

Ummi 'yar Poly: Ni tambayata biyu. Mata ba sa yi ne? Sannan wannan Tikiman da nake ta gani a jikin waƙoƙin, shi ma ɗan Jamaika ne?

Ras na Kakuri: Suna yi. Jennifer Lara tana cikin albam ɗin 2003 ɗin. Shi kuma Tikiman sunansa Paul St. Hilaire, ɗan tsibirin Dominika ne, a Balin yake zaune. Da shi suka fara, albam ɗin Showcase na 1998 duk muryarsa ce. Shi ne ma za a ce ya nuna yadda ake waƙa a kan irin wannan kiɗa, ba ya cika baki, yana faɗin layi ya ja baya ya bar shi ya yi yawo. Daga baya ya yi albam da Deadbeat, wani ɗan Kanada, a 2014.

Amma in mace kike nema wadda za ta girgiza ki, ki bar Karibiyan ki dawo Senigal. Shi Ernestus ɗin ya je Dakar ya haɗa kai da makaɗan sabar, ƙungiyar ana kiranta Ndagga Rhythm Force, suka fitar da Yermande a 2016. Mbene Diatta Seck ce ke waƙa, da harshen Wolof. Gangunan gargajiya ne na gaske, hannu da sanda, abin da ya yi kawai shi ne rage kaya da buɗe fili. Shi kuma abokinsa von Oswald, Tony Allen ne ya buga masa ganga a albam ɗin Sounding Lines na 2015, Tony Allen ɗin Fela dai.

Mai Sitidiyo T/Wada: To ka ga inda raina ke ɓaci. Bature ya zo ya ɗauki gangarmu da muryarmu, ya rage kaya, duniya ta tafa masa. In ni na yi a Tudun Wada a ce ban gama aiki ba. Mamman Sani na Nijar tun 1978 ya naɗi kiɗan ogan shi kaɗai, sanyi ƙalau, mutanen Nijar sun yi shekaru suna jinsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 sannan 'yan bokonmu suka fara cewa ashe muna da kiɗan na'ura.

Ras na Kakuri: Haushinka na kan hanya, amma a yi adalci. Su biyun nan sunan mawaƙi suke rubutawa a jikin kowane faifai, kuma su ne suka sake buga tsofaffin faifan Wackies, sitidiyon Lloyd Barnes ɗan Jamaika da ke Bronx, bayan an kusa mantawa da su. Mu nan wa ya san sunan mai kalangun da ya buga a waƙar da ya fi so? Wa ya san 'yan amshin Barmani Choge?

Baba Injiniya: Wannan tambayar ta yi zafi, Ras. Ko a kan kwalin tef sunan mai waƙa kawai muke rubutawa, sai "da jama'arsa".

Ɗan Barnawa: Akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, shi ne albam. Abin da ya fi kama ni shi ne See Mi Yah na 2005. Kiɗa ɗaya ne tak daga farko har ƙarshe, mawaƙa ne ke canzawa, su Sugar Minott da Willi Williams da sauransu, kowa ya zo da waƙarsa da jigonsa. A ƙananan faifai bakwai aka fara fitar da shi. Kana ji za ka gane bambancin mawaƙi da mawaƙi, domin babu inda wani zai ɓuya. Yanzu ku ɗauka an yi haka a Kaduna. Kiɗa ɗaya, a kira mai waƙar nanaye, a kira mai hip hop na Sabon Tasha, a kira tsohuwa mai amada, a kira mai gurmi, a kira marubucin waƙa irin masu rerawa ba kiɗa. Wa zai ce ba zai saurara har ƙarshe ba, ko don ya ga wa ya kayar da wa?

Dije na Kawo: Yawwa. Sai yanzu ka yi maganar da ta shige ni. In gasa ce, mutanenmu za su ji. Amma kada ka kira shi albam. Wa ke jin albam? Yaro zai je wurin masu tura waƙa a kasuwa a cika masa memori, waƙa ɗari uku a cakuɗe, ko sunan mai waƙar babu. Sauran kuma daƙiƙa talatin ɗin TikTok suka sani. Zamanin kaset ne ake jin abu a jere, don in ka ce za ka tsallake batir ne zai ƙare.

Ras na Kakuri: Kiɗa ɗaya mawaƙa da yawa tsohuwar al'adar Jamaika ce. Kuma don Mai Sitidiyo ya ji daɗi, kiɗan Sleng Teng da ya juya rege zuwa na'ura a 1985, daga cikin ɗan ƙaramin fiyanon Casio MT-40 aka ciro shi, irin kiɗan da ke zuwa a cikin inji. An yi ɗaruruwan waƙoƙi a kansa. Don haka Yamahar da ke gabanka ta isa.

Mai Sitidiyo T/Wada: Ta isa mana. Bari in gaya wa Anti yadda za a yi maganarta ba ta dagule ba. Ba a jiƙa murya gaba ɗaya. Muryar tana nan a bushe a tsakiya, kusa da makirfo, har numfashi ana ji. Hannunka na kan maɓallin da ke aika sauti zuwa eko, a rufe. Mawaƙi ya yi layinsa, kana bin bakinsa da ido ta gilashi. Yana kaiwa gaɓar ƙarshe sai ka murɗa ka mayar da sauri, kamar ƙiftawar ido. Gaɓar nan kaɗai ce za ta faɗa ciki ta yi ta maimaituwa a filin da ya bari kafin layi na gaba. In ka makara ka kamo numfashi, in ka yi gaggawa ka kamo rabin kalma. Shi ya sa na fi son yi da hannu a kan zana shi da linzamin kwamfuta. Sharaɗin kawai shi ne mawaƙin ya iya yin shiru. Namu kuwa in ka bar musu fili sai su cusa gaisuwar furodusa da ta unguwarsu.

Maman Ilham: In haka ne da sauƙi, tunda ƙarshen layi a waƙar Hausa nan ne amsa-amo yake, dama shi kunne ke jira. Amma ina nan kan bakata. Ranar da kuka yi, zan ba wa wanda bai san waƙar ba takarda ya rubuta abin da ya ji. In ya rubuta daidai, waƙa ce. In ya kasa, kiɗa kuka yi.

Ummi 'yar Poly: Ni zan rera in za a gwada. Ina da wasu baitoci kan jiran jirgi a tashar Rigasa, ban taɓa samun kiɗan da ya dace da su ba, duk wanda aka ba ni sai ya yi musu sauri.

Dije na Kawo: Waƙar jira a kan kiɗan jira. Allah ya ba da sa'a. Ni dai ba zan sa a biki ba, sai dai lokacin da ake kwashe kujeru.

Mai Sitidiyo T/Wada: Lahadi bayan la'asar ba ni da kowa. Ummi ki turo baitocin tun yau in ga tsawon layukan, da su zan auna gudun kiɗan, ba zan fara kiɗa in tilasta miki bi ba. Ki zo da yayanki ko wata ƙawa. Bas ɗin zan yi masa hawa biyu, ɗaya can ƙasa don masu iyafis, ɗaya a sama kaɗan yadda waya za ta kama. Baba, in da hali a zo mana da tsohuwar miksar nan.

Baba Injiniya: Tana nan, sai dai layi biyu sun mutu, huɗu ke aiki. A turo yaro da Keke ya ɗauka, ba ta ɗaukuwa a babur.

Mai Sitidiyo T/Wada: Huɗu sun isa, ganga, bas, fiyano, murya. In babu wuta, man janareta a wuyan Ɗan Barnawa, shi ya tayar da rigimar.

Ɗan Barnawa: Na ɗauka. Anti, a zo da takardar da biro.